Riga Ɗaya, Mata Uku: Darasi Daga Zanen Boston



Yau za mu leƙa birnin Boston na Amurka, a zamanin da yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. A lokacin babu kyamara. Duk mai son jikokinsa su san kamanninsa sai ya biya mai zane, ya yi ta zama a gabansa har a gama. Attajirai da manyan gari ne ke iya wannan, kuma gwanin da suka fi nema shi ne John Singleton Copley, wanda aka haifa a 1738.

Mu fara da yadda ya zana maza. A 1765 ya zana attajiri John Hancock zaune a teburi, da alƙalami a hannu, ga littafin lissafin kasuwanci a buɗe. A 1768 ya zana Paul Revere, maƙerin azurfa, riƙe da butar shayi, kayan aikinsa a gabansa. Samuel Adams kuwa, ɗan siyasa, yana nuna takardun mulkin yankinsu da yatsa. Kowanne ka kalla ka san sana'arsa.

To, matan fa? Wajen 1763 Copley ya zana mata uku: Mary Toppan, Mary Turner da Mercy Otis. Dukkansu riga iri ɗaya ce a jikinsu, shuɗiya mai sheƙi, da leshi a hannuwa. Ɗaya ta riƙe lema, ɗaya ta tara ƙwaryar kifi a bakin famfo, ɗaya kuma ta miƙa hannu ga wata fulawa mai yaɗo. An san zanukan da sunayen mazajensu: matar Benjamin Pickman, matar Daniel Sargent, matar James Warren. Hakan ya dace da dokar Ingila ta wancan zamani, wadda ta mayar da yawancin dukiyar matar aure ƙarƙashin ikon mijinta. Zanen yana rataye a falo, yana gaya wa baƙo cewa maigidan na da halin sayen siliki daga ƙetare, kuma matarsa ba ta aikin wahala.

Mu tsaya a kan Mercy, domin tamu ce, marubuciya. Daga 1772 ta fara fitar da wasannin kwaikwayo na shaguɓe a jarida, tana caccakar gwamna Thomas Hutchinson, ba tare da sunanta ba. A 1805 ta wallafa tarihin juyin juya halin Amurka, juzu'i uku. Gaskiya ne lokacin da aka zana ta ba ta fara wallafa komai ba, amma fuskar da duniya ta san ta da ita har yau ita ce waccan mai shuɗiyar riga da fulawa. Wanda ya tsaya gaban zanen a gidan adana kayan fasaha na Boston ba zai ga alamar wannan kaifin alƙalami ba.

A cikin birnin dai akwai wata yarinya da aka sato daga Afirka ta Yamma, aka sauke ta a 1761 tana 'yar shekara bakwai ko takwas. Sunan jirgin da ya kawo ta aka laƙaba mata, Phillis, aka haɗa da sunan waɗanda suka saye ta, Wheatley. Da ta tashi fitar da littafin waƙoƙinta, sai da manyan Boston 18 suka sa hannu cewa lallai ita ta rubuta, cikinsu har da Hancock da Hutchinson ɗin nan. Littafin ya fito a Landan a 1773, da hotonta a shafin farko: tana zaune a teburi, alƙalamin gashin tsuntsu a hannun dama, ga takarda da tawada da littafi, ta ɗora yatsa a kunci tana tunani. Baiwa ta samu alƙalamin da ba a ba matan attajirai ba, saboda masu buga littafin suna bukatar mai saye ya yarda baƙar mace ce ta yi aikin. Duk da haka rubutun da ya zagaye hoton ya bayyana ta a matsayin 'yar aikin John Wheatley. An 'yanta ta bayan fitowar littafin, ta rasu a 1784 cikin talauci.

Muna cewa gani ya kori ji, amma zanen wancan zamani shaida ne da aka biya shi kafin ya buɗe baki. Idan muna binciken tarihi don rubuta labari, muka ci karo da tsohon hoto, mu tambaya: wa ya biya, ina aka rataye shi, me aka sa a hannun matar, sunan wa aka rubuta a ƙasa?

Sannan mu waiwayi namu littattafan. Sau nawa muka buɗe labari da budurwa doguwa, fara, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya? Wannan ita ce tamu shuɗiyar rigar, kowace tauraruwa sai mun saka mata. Namiji mu ce likita ne ko ɗan kasuwa, mace mu cika shafi biyu da kwalliyarta, mai karatu bai san me ta iya ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko mace ɗaya daga labarin da yake rubutawa, ya gabatar da ita a layi goma ba tare da ambaton launin fatarta, gashinta ko sunan mijinta ba. Ya nuna mana abin da ke hannunta, ko keken ɗinki ne, ko allo, ko kuɗin adashi, da abin da take so ta yi da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.