Wadar zuci

wàdar̃ zūci (sn., mc.; jam. babu)

1. Gamsuwa da abin hannu. Rashin kwaɗayin na wani. *Mis.* Ɗan dako ne, amma yana da wadar zuci.

2. (Kir.) Kwanciyar rai bisa dogara ga tanadin Allah, a yalwa ko a rashi. Daga kurkuku Bulus ya koyar da ita (Filibiyawa 4:11–13). Haka ma manna, abincin da Allah ya tanada a jeji, ta yini ɗaya ce. Wadda aka ɓoye ta kwana ta yi tsutsa (Fitowa 16:20).

3. (Kir.) Godiya a aikace. *Mis.* Da wadar zuci ta kai damin dawa coci ranar godiyar girbi.

*Bayani:* Wasu na cewa lalaci ce da aka yi wa ado. Ba haka ba ne, domin Bulus ɗin nan da sana'ar ɗinkin tanti ya ci abinci (Ayyukan Manzanni 18:3). Abin da take hanawa shi ne son kuɗi, ba neman na kai ba (Ibraniyawa 13:5).

*Dangi:* wàdātà (fi.), wàdātā (sn., mc.), gṑdiyā (sn., mc.).

*Kish.:* haɗama, kwaɗayi, butulci.