ZARE: Titin da aka hana mota shiga, da abin da ya samu masu shagunansa

1/ Jama'a, yau tarihin wata rigima zan ba ku, tsakanin masu shaguna da hukumar gari. In aka hana mota shiga titin kasuwa, ciniki ƙaruwa yake ko mutuwa? An gwada a Turai, an gwada a Amurka, sakamakon ya sha bamban. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da Kopenhagen, babban birnin Denmak. A tsakiyar gari akwai tsohon titin kasuwa, Stroget, tsawonsa kilomita ɗaya da 'yan kai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka cika shi maƙil, mai tafiya da ƙafa sai dai ya raɓe a gefe.

3/ Ranar 17 ga Nuwamba 1962 hukuma ta hana mota shiga, a matsayin gwaji. Masu shaguna suka tada jijiyar wuya: mai mota ai shi ne mai kuɗi, in ka kore shi wa zai saya? Wasu ma suka ce su fa ba Italiyawa ba ne, wa zai yi yawo a waje a sanyin Denmak?

4/ Ashe ba haka ba ne. Jama'a suka cika titin, ciniki bai faɗi ba, a 1964 aka mayar da dokar ta dindindin. Daga baya aka riƙa ƙara titunan kusa ɗaya bayan ɗaya, ana rage wuraren ajiye mota kaɗan-kaɗan, cikin shekaru masu yawa.

5/ Me ya sa ya yi aiki? Saboda masu sayen dama suna zaune a cikin gari ko kusa da shi. Da ƙafa suke zuwa, da keke, da bas, da jirgin ƙasa. Motar da aka kora yawanci wucewa kawai take, ba tsayawa sayayya ba.

6/ Yanzu mu tsallaka Amurka. Sun ma riga Kopenhagen: a 1959 garin Kalamazoo a jihar Michigan ya rufe wani yanki na titin Burdick. Amma ciwon nasu daban ne. Masu hali sun soma komawa sabbin unguwanni a bayan gari, manyan kantuna masu filin ajiye mota kyauta suna bin su can.

7/ Wanda ya zana musu tsarin, Victor Gruen, haifaffen Austiriya ne, kuma shi ya zana Southdale da aka buɗe a 1956, uban irin waɗancan kantunan na bayan gari. A tsarinsa akwai hanyar kewaye da wuraren ajiye mota. Garin ya ɗauki rufe titi, mai sauƙin kuɗi, ya bar sauran.

8/ Garuruwa wajen 200 a Amurka suka kwaikwaya. Fresno a 1964. Chicago a 1979, inda aka bar titin State ga bas-bas kaɗai. Aka dasa itatuwa, aka jera bencina. To amma wa zai zauna? Ma'aikatan ofis na tashi da yamma, wuri ya yi tsit, tun da ba kowa ke kwana a unguwar ba.

9/ Ƙananan shaguna su suka fara jin jiki. Wanda zai zo da mota daga nesa ya ga wahala ya tafi bayan gari, na kusa kuma babu shi. Ƙarshe dai aka yi amai aka lashe: Chicago ta dawo da mota a 1996, Kalamazoo a 1998, Fresno a 2017.

10/ Waɗanda suka tsira fa? Duba titin Pearl a Boulder (1977) da titin Church a Burlington (1981). Duka garuruwan jami'a ne, ga ɗalibai ga baƙi, titin kuma gajere ne.

11/ Sai dai ko inda aka ci nasara, akwai wata a ƙasa. Titi na cika da jama'a, kuɗin haya ya tashi. Yau a Stroget sunaye irin su Louis Vuitton da H&M za ka gani, ƙananan shaguna da yawa sun koma lungunan gefe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

12/ Kuma ba kowace sana'a ke cin moriya iri ɗaya ba. Mai shayi, mai abinci da mai tufafi suna murna. Mai sayar da kujeru ko firji kuwa, wanda kayansa sai an ɗauka a mota, shi yake kwana ciki, ko da an ba shi awannin safe na sauke kaya.

13/ Ni dai abin da na fahimta: hana mota ba ya haifar da mai saye, wanda ke nan ne yake riƙewa. In wata rana aka kawo muku wannan tsari a titin da shagonku yake, ku yi tambaya uku. Su wa ke zaune kusa? Ta yaya na nesa zai iso? In haya ta tashi, wa zai kare ku?

14/ Masu shago, ku faɗa min a ƙasa: masu sayenku, da ƙafa suka fi zuwa ko da abin hawa?