ɗan wasa

ɗan wasa (suna, mace: 'yar wasa, jam'i: 'yan wasa). 1. Mai yin wasa kamar ƙwallo ko dambe. 2. Mai fitowa a fim ko wasan kwaikwayo. Kalmar ta haɗa da jarumi, wanda labari ke kewaye da shi, da kuma sauran da ke riƙe masa labarin: uwar miji, kishiya, direba, mai gadi, dattijon unguwa. Waɗannan ba su cika hawa fosta ba, amma su ne gishirin fim, don jarumi ba ya haskawa sai ya samu mai mayar masa da magana daidai. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a 2024, ta yi suna wajen fitowa a masifaffiyar uwa. Harara ɗaya da tsaki sun ishe ta ta kwashe kallo. A shirin Daɗin Kowa na Arewa24 kuwa, ba mutum ɗaya ke ɗauke da labari ba, gari ne guda kowa da rawarsa. Misali: "Fim ɗin nan 'yan wasa ne suka tashe shi."