Ƙaro: Daga Dajin Dakwara Zuwa Kasuwar Libreville

Yau hirarmu a kan ƙaro ce, wannan ɗan abu da yaran makiyaya ke ɓamɓarowa daga jikin dakwara su jefa baki idan rana ta take. Yana narkewa a hankali, ya jiƙa maƙogwaro, ya ɗan riƙe ciki kafin a kai rijiya. Mutanen da sun san wannan sarai. A hamadar Muritaniya, makiyaya kan daka shi su narka cikin madara ko ruwa, manya da yara su sha. Can Indiya kuma suna da wani irin ƙaro da suke kira gond katira: a jiƙa shi ya kwana, ya kumbura, da safe a zuba cikin madara ko ruwan lemun tsami a ba yara lokacin zafi. Ƙaron kukuki na dajinmu ma haka yake kumbura a ruwa.

To, abin nan da muke rainawa, Turawa sun yi yaƙi a kansa. A ƙarni na 18 masaƙun Turai na buƙatarsa wajen buga zane a atamfa, sai Holan da Faransa da Ingila suka yi ta gwabzawa a gaɓar Muritaniya. A 1758 Ingila ta ƙwace garin Saint-Louis na bakin kogin Senegal daga hannun Faransa, kuma cinikin ƙaro na cikin manyan dalilai. Daga baya kasuwar ta koma gabas, Sudan ta zama uwa ma ba da mama, da babbar kasuwarta a El Obeid. Chadi da Najeriya na biye, musamman Borno da Yobe da Jigawa, sai Nijar wajen Gure da Diffa.

Ina ruwan Libreville da wannan zance? Gabon ƙasar kurmi ce, ruwan sama ya yi wa dakwara yawa, ba ta rayuwa can. Amma Hausawa sun fi shekara 100 a ƙasar. Fatake ne suka bi ta Kamaru suka zauna Bitam da Oyem, wasu suka gangara Libreville, birnin da Faransawa suka kafa a 1849. Jikokinsu da ke kai-da-kawo a kasuwar Mont-Bouët, da yawansu ba su taɓa ganin dakwara ba. Duk da haka suna shan ƙaro ba su sani ba. Kamfanonin lemun kwalba na zuba shi don ya riƙe ƙamshi da launi kada su rabu da ruwan. Duba jikin wasu kwalabe da ledar alewa, in ka ga E414, to ƙaro ne. Ka ji darajarsa: ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ta bar ƙofa a buɗe domin ƙaro. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 kuwa ya sa masu saye waige-waige zuwa Chadi da Najeriya da Nijar.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu ke da itacen, amma ɗanye muke sayarwa da araha, a tace shi a Turai, a dawo mana da shi cikin kwalba da tsada. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dakwara masu yawa, yanzu kuma gatarin masu gawayi na ƙarasa saura. Dakwara na ɗaukar kamar shekara 5 kafin a fara tsaga ta. Ana tsagawa bayan damina, idan ganye ya fara zuba, a jira kimanin wata guda a zo a tsince.

Makiyayi, in za ka sassabo wa awaki reshe, bar gindin ya rayu. Ɗan kasuwa, kada ka gauraya ƙaron dakwara da na dushe, don na dakwara ya fi kuɗi, kuma mai saye na gane algus. Iyaye mata, ƙaro abin marmari ne, a narka shi da tafasasshen ruwa. Yaron da zafi ya galabaitar ko yake gudawa, ruwan gishiri da sukari za a ba shi, a garzaya asibiti.