Jinya a Tsakiyar Wuta: Wa Ya Riƙe Marasa Lafiya a Yaƙin Sudan?

Idan ana lissafin asarar yaƙi, waɗanda harsashi ya kashe ake fara ƙirgawa. Ba kasafai lissafin yake kaiwa ga mai ciwon ƙoda da ya rasa wankin jini ba, ko mai naƙudar da dare ya yi mata a bayan shingen 'yan bindiga. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Janar Abdulfattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, ya nuna cewa waɗannan mutanen su ne ma'aunin gaskiya na rushewar kiwon lafiya. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya rage na jinya a ƙasar 'yan unguwa ne suka riƙe shi, don haka su ya kamata tsarin agaji ya sa a gaba.

Raunin tsarin kiwon lafiyar ƙasar ya girmi yaƙin. Manyan asibitoci, ƙwararrun likitoci, babban rumbun magunguna da ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa duk a Khartoum aka tara su, kuma a nan wutar ta fara kamawa. Aka kwashe abin da ya saura zuwa Wad Madani, ita ma ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023. Daga nan faɗan ya gangara Sennar, yankin da Hausawa da Fulani suka daɗe da zama tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a wuraren da ake faɗa sun daina aiki. A Agustan 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara, kuma a watan ne aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam.

Doka kuwa tana nan a rubuce. Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 sun haramta taɓa asibiti, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada haka a ƙuduri mai lamba 2286 a 2016. Wannan bai hana kai wa Asibitin Saudiyya na El Fasher hari a Janairun 2025 ba, inda mutum kusan 70 suka rasu. A asibitin nan ne likitoci suka yi wa mata tiyatar haihuwa da fitilar wayar salula.

Waɗanda suka cike gurbin su ne Ɗakunan Agajin Gaggawa, da suka samo tushe daga kwamitocin unguwanni na juyin juya halin 2019. Aikin gayya ne tsantsa. Ɗalibin likitanci yana ɗinke rauni a ajin firamare, mai gyaran wuta yana tada janareta don kada insulin ya lalace, wani yana bin gida-gida yana rubuta sunan masu hawan jini da maganinsu ya ƙare. Kuɗin yawanci daga 'yan uwa mazauna ƙetare yake zuwa ta manhajar Bankak, shi ya sa katse intanet da aka yi a Fabrairun 2024 ya zama tamkar katse magani.

Masu suka suna da abin faɗa. Ɗan sa-kai ba zai maye gurbin likitan fiɗa ba, kuma mai ba da tallafi yana son rasit da rajista, abin da ɗakin da ke ɓuya daga ɓangarori biyu ba zai iya kawowa ba. Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun kuwa, a ganina, ta fifita takarda a kan rai. Lokacin da ma'aikatan ƙetare suka fice daga Khartoum a makonnin farko, waɗannan matasa ne suka tsaya, aka kama wasu, aka kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da yi wa abokin gaba aiki.

Saboda haka ya wajaba masu tsara agaji su sassauta sharuɗɗansu, su miƙa kuɗi kai tsaye ga irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma duk wata tattaunawar tsagaita wuta ta ambaci kariyar 'yan sa-kai da sunansu, kamar yadda ake ambatar likitoci.