Mata a Fagen Wasan Kwaikwayon Hausa

Wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa ya girmi kyamara nesa ba kusa ba, kuma tun asali da mata a cikinsa. A ƙauyukan arewacin Kano, irin waɗanda ke kewaye da madatsar ruwan Watari a ƙasar Bagwai, 'yan mata kan fita tashe idan azumi ya kai goma, su bi gida-gida da wasanni irin su Mairama da Daudu, wata ta yi shigar miji wata ta amarya, a kwaikwayi zaman aure. Amma wasa ne na ƙuruciya. Da an ɗaura wa yarinya aure ta bar shi.

Gidajen watsa labarai ne suka mayar da abin sana'a. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa gidan talabijin na CTV a Kano a farkon shekarun 1980. Matan da suka shiga dirama a wancan zamani ba su da yawa, kuma sun sha tsangwama, don mutane ba sa rarrabe halin da mace ta fito da shi a wasa da nata na gida.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Sangaya, wanda ya fito a 1999 ya ɗaukaka Fati Mohammed, shi ya yaɗa salon rawa da waƙa irin na finafinan Indiya. Kaset ya shiga ƙauyuka, ana kallo da janareta. Ƙorafin malamai da zuwan Shari'a suka sa Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Yawancin jarumai mata ba sa daɗewa, domin aure kan raba su da fim. Waɗanda suka jure sai a mayar da su uwa, kishiya ko uwar miji, kuma a nan ne gwaninta ta fi fitowa. Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta yi koyarwa kafin ta fara da fim ɗin Linzami da Wuta a 2000. Ta ƙware a fitowa a masifaffiyar mace mai makirci har ta zama ma'auni a wannan rawa, ta kuma ci gaba da aiki har rasuwarta a Afrilun 2024. Wasu jaruman kuwa sun riga ta rasuwa: Hauwa Ali Dodo, wato Biba Problem, ta rasu a haɗarin mota a farkon 2010, sai kuma Hauwa Maina da ta rasu a 2018.

Suna bai cika zuwa da rufin asiri ba. A 2022 Ladin Cima, ɗaya daga cikin dattawan masana'antar, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim 'yan dubbai ne kawai, maganar da ta jawo doguwar muhawara tsakanin furodusoshi da masu kallo kan yadda ake sallamar tsofaffin jarumai.