Sifana a Ƙarƙashin Kujerar Direba

Da kwamitin bikin cikar shekarun ƙungiya ya nemi mu rubuta wani abu na tarihi, akasarin 'yan uwa sun zaci jerin shugabanni za mu kawo, da shekarun da kowa ya yi a kan kujera. Wannan yana cikin littafin sakatare, mai so ya je ya duba. Mu akwatin ƙarfe muka zaɓa. Duk wanda ya tashi a gidan mai mota a nan Sakasaka ya san shi. Yana zaure ko bayan ƙofa, ya yi baƙi ƙirin da giris, a ciki akwai sifanu, filaya, sukundireba, guduma, waya a nannaɗe, da tsohon fambel da aka ajiye don ɓacin rana. A gidaje da yawa yau mabuɗinsa ya ɓata, ba kuma wanda ya damu ya nema.

Kafin mota, jaki ne motar kakanninmu. Ayarin da ke tasowa daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, kuma ba bafataken da ke fita ba basilla da igiya a jakarsa. In mangala ta yage shi zai ɗinke, in akumari ya ji wa jaki ciwo a baya shi zai yi magani, domin madugu ba ya tsayar da ayari saboda mutum ɗaya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan babbar kasuwa, fatake suka bazu zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Krachi da Kumasi. A 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar mulkinsu ta arewa, garin ya fara jan mutane, har da namu.

Akwai abu ɗaya da ya raba mu da 'yan uwanmu na Kano. Su jirgin ƙasa ya iso musu tun 1911. Mu an yi maganar kawo dogo arewa tun zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, amma har yau ana cikin maganar. Saboda haka duk buhun da ya shigo Tamale ko ya fita, a kan taya ya yi tafiyar. Tsohuwar hanyar Kumasi ta Mampong take bi, ta hau dutse, ta wuce Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a tsallaka kogi da jirgin fito, sannan Salaga, sannan gida. Yawancinta jar ƙasa ce mai gargada, mai karya sifirin da kwance noti. Tsakanin gari da gari babu fita, wato makanike a bakinmu na Gana. In mota ta tsaya, direba da yaronsa ne kawai, sai fasinjoji da suka zuba musu ido.

Yaƙin duniya na biyu ya taimaka ta wata fuska. Rundunar Turawa ta koya wa sojojin ƙasar nan da yawa tuƙi da gyaran mota, aka kai su gabashin Afirka da Bama, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Da suka dawo bayan 1945, wasunsu suka shiga sana'ar sufuri da tsofaffin motocin soja da aka yi gwanjonsu. Daga hannunsu ilimin ya sauko zuwa yaran mota. Bedford mai bodin katako ita ce makarantar, kuma karatun ba na wata uku ba ne. Yaro yakan yi shekaru yana wanke mota, yana ɗaukar katakon tokare taya yana dirowa a guje duk inda aka tsaya a hawa, yana juya handul da asuba har injin ya tashi. Kafin maigida ya ba shi sitiyari, sai ya iya cire taya ya yi faci, ya wanke kafireto, ya goge fulogi, ya daidaita kwantak, ya gane ƙarar injin mai lafiya da ta mai ciwo. Dattawanmu sun tabbatar mana cewa a wancan zamani abin kunya ne a ga direba ya jawo fita saboda fambel.

Masu kaya ma ba a bar su a baya ba, kuma nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye. Attajirin da ya tara kuɗin goro ko na shanu ya sayi mota ya gane da wuri cewa in bai san cikinta ba, direba da fita za su cinye ribar tsakaninsu. Sai ya zama al'ada a unguwa, ranar da mota ta kwana gida, da an idar da sallar asuba maigida ya fito da buta da tsumma, a buɗe bonet, ya ja sandar duba mai da hannunsa. 'Ya'yan gida na tsaye suna miƙa sifana. Da yawa cikin dattawan ƙungiyar nan a haka suka koya, ba wanda ya zaunar da su ya ce yau darasi za a yi.

Shekarun 1960 sun sauya taswirar. Madatsar Akosombo ta cika tafkin Volta, mashigar Yeji ta yi faɗi, jiran jirgin fito ya zama na kwanaki a wasu lokuta, sai zirga-zirga ta koma hanyar Techiman da Kintampo ta kan gadojin Buipe da Yapei. A Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Tamale ta yi asarar 'yan kasuwa masu yawa, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa, aka sayar da shaguna da motoci a wulaƙance. Waɗanda suka rage, da waɗanda suka dawo daga baya, su ne suka gaji hanyar. Ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, shekara biyu bayan Najeriya, abin da ya sauƙaƙa mana shiga ƙasashen Faransa da ke kewaye da mu.

Amma lokacin da akwatin ƙarfe ya yi ranarsa sosai shi ne daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983. Wanda bai ga zamanin ba zai yi wuya ya yarda. Kuɗin waje ya ƙare wa gwamnati, shigo da kaya sai da lasisi, lasisin kuma sai mai uwa a gindin murhu. Tsadar kaya ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, ta sake a 1981, ta kuma sake a 1983. Zamanin kalabule ke nan. Taya da baturi da fulogi suka ɓace daga kanti. Motoci suka yi layi a kan duwatsu a ƙofar gidaje, ba abin da ya same su sai rashin taya. Mai mota biyu yakan yanka ɗaya ya ciyar da ɗayar. An ɗinke taya da waya, an sa tsohuwar taya cikin wata, an yanka gasket daga kwali, an toshe yoyon tankin mai da sabulu. A Kumasi, unguwar Magazin ta Suame ta zama asibitin motocin ƙasar baki ɗaya, inda ake ƙera abin da babu, a ɗora injin wata mota a kan wata. Namu fitocin na Tamale da yawa can suka yi koyo suka dawo.

Mu masu tsallaka iyaka mun ɗan fi sauran sauƙi. A Kaduna an fara haɗa Peugeot a 1975, kuma 504 ta cika hanyoyin Najeriya da Nijar, kayanta na samuwa a Kano da Lome da Wagadugu. Mai dawowa daga fatauci yakan ɓoye fulogi huɗu da kwantak a cikin kaya kamar zinariya. Sai dai kawo kayan daban ne, ɗaura shi daban. Wanda ya kai wa fita sabon abu a wancan lokaci bai tsaya a kansa ba, yana iya komawa gida da tsohon an wanke masa shi da fetur. Ba duka fitoci ba, Allah ya sani, akwai masu amana da har yau muke yi wa addu'a. Amma yunwa ta yi yawa, kuma 1983 ta haɗa fari da gobarar daji da dawowar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya. Dole ta sa kowa ya koyi ɗaura abinsa a tsakar gidansa.

A nan sai mun faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu dattawa daɗi ba. In ana hira akan ba da labarin dabarun wancan zamani ana dariya, kamar jarumtaka. Wasu dabarun hikima ne, wasu kuwa kisan kai ne. Zuba ruwan sabulu a madadin man birki ya kai mutane kabari, haka ma tayar da aka ɗinke aka sa a gaba, aka ɗora mata buhu ɗari. Akwai gidaje a unguwar nan da suka yi zaman makoki saboda irin wannan. Abin da ya cancanci gado daga iyayenmu shi ne ido da kunne da suka sa wa mota, da duba ta kafin ta fita. Dabarun yunwa a bar su a zamaninsu.

Daga Afrilu 1983 gwamnati ta sauya tsarin tattalin arziki, sannu a hankali kaya suka dawo kanti, da tsada amma akwai. Aka gyara hanyar Kumasi zuwa Paga, tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Tema da Lome da Kwatano, fitoci suka yawaita a kowane lungu. Ga babur ya cika Tamale, daga baya mai ƙafa uku ya biyo. Gyara ya yi sauƙin samu, sai muka saki. Motocin ma sun sauya hali. Kafireto da kwantak sun tafi, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke raba mai da wuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar gano ciwo, Turai ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Matasanmu suka ɗauka cewa tunda haka ne babu sauran abin da mai mota zai iya da hannunsa.

Wannan kuskure ne, kuma muna biyan kuɗinsa. Ku tambayi duk wanda motarsa ta kwana a daji a 'yan shekarun nan me ya tsayar da ita. Da wuya ka ji an ce ƙwaƙwalwa. Ruwa ne ya ƙare a lagireto, ko bel ya tsinke, ko kan baturi ya yi tsatsa, ko matatar gas ta toshe, ko taya ta fashe aka tarar safayar ba iska. Duk waɗannan ana ganinsu a ƙofar gida cikin rabin awa. Ana duba baƙin mai da safe kafin a tayar da injin, mota na tsaye a wuri mai daidai. In ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, kada motar ta fita. Ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Bel ɗin da ya fara tsagewa ko ƙyalli ya kusa tafiya, kuma a motoci da yawa in ya tafi ya tafi da cajin baturi da famfon ruwa gaba ɗaya. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska da wuri, mota ta riƙa shan mai tana rasa ƙarfi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da aka yi ta da shekarar: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa ta bushe. Wannan ko iyayenmu mata masu sayo tumatir, da ba su da mota sai haya, suna iya dubawa kafin su zuba kuɗinsu a bayanta. Birki da sitiyari da cikin injin kuwa aikin ƙwararre ne, a kai masa, a tsaya a kansa.

Dalilin da ya sa muka tayar da maganar a bana shi ne hanyar ta koma irin ta kakanninmu. Da, in mota ta lalace tsakanin Fada Ngurma da Kancari, asarar kwana ɗaya ce da kuɗin fita. Yanzu wurin ba wurin tsayawa ba ne. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 da rufe iyakarta da Benin, manyan motoci da yawa a ayari suke ratsa Burkina da rakiyar soja, kuma ayarin ba ya jiran mai matsala. Albasar Galmi tana haƙuri kwana biyu ko uku, tumatir ba ya yi. A Janairu 2025 Nijar da Burkina da Mali suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a 1975, don haka ba mu da tabbacin yadda takardu da jira a iyaka za su kasance nan gaba. Ba mu da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Belin da zai tsinke a Dori kuwa a Sakasaka ake iya ganinsa.

Akwai dattawa a cikinmu da suka yi yaran mota a kan Bedford, suka tuƙa 504 har Kano da Maradi, kuma har yanzu in mota ta wuce ta gaban masallacin Afa Ajura suna iya gaya maka abin da ke damunta daga ƙararta. Kowace shekara adadinsu raguwa yake yi. Shawarar da muke miƙa wa babban taro ita ce a ware safiyar Asabar ɗaya a kowane wata, membobi su kawo motocinsu da baburansu da 'ya'yansu, maza da mata, dattawan nan su zauna tare da fita ɗaya mai na'urar gano ciwo, ƙungiya ta biya shi ladan safiyar. Wanda ke da tsohon akwati a zaure ya zo da shi, ko ba mabuɗi, za a samu mai fasa kwaɗon. Sakatare zai karɓi sunayen masu sha'awa bayan walima.